Yadda Ake Ziyartar Villefranche-sur-Mer da Ƙauyen Èze a Yini Ɗaya

Tun da na dawo daga kudancin Faransa ake ta aiko mini da tambaya iri ɗaya, musamman daga ɗalibanmu da ke karatu a can da kuma waɗanda taro ko kasuwanci kan kai birnin Nice (ana furta shi Nis): ta yaya mutum zai haɗa Villefranche-sur-Mer, tsohon garin masunta da tashar jiragen ruwa da ke bakin Bahar Rum, da ƙauyen Èze da ke ƙwanƙolin dutse, a yini ɗaya, ba tare da ya yi hayar mota ko ya biya ɗan rakiya ba? Abin mai yiwuwa ne, kuma da kuɗi kaɗan, in dai an bi tsari: a hau dutse da sassafe a mota, a gangaro bakin ruwa bayan rana ta take. Wanda ya fara da bakin ruwa zai isa Èze da tsakar rana, a gajiye, daidai lokacin da lungunan ƙauyen suka cika har ba masaka tsinke. Sunayen wurare na bar su yadda suke a rubuce a jikin alluna da motoci, domin da su za ka yi tambaya a hanya.

1. Biza da takardu

Wanda yake zaune a Turai da takardar zama yana iya tsallake wannan mataki. Mai tasowa daga gida kuwa yana buƙatar bizar Schengen ta gajeren zama, wato bizar bai-ɗaya da Faransa da yawancin ƙasashen Turai ke amfani da ita. Ana fara cike takardar nema a shafin France-Visas na gwamnatin Faransa, sannan a nemi ranar ganawa a cibiyar karɓar takardu, wadda a Najeriya take Abuja da Legas. Kuɗin bizar Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar, kuma ba a mayar da su ko an hana ka. Dole fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu fanko, kuma yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar Turai. Za a nemi inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki. Ma'aunin da Faransa ke amfani da shi wajen guzuri shi ne Yuro 65 a kowace rana ga mai takardar otal, Yuro 120 ga wanda ba shi da ita.

Gargaɗi: doka ta yarda a miƙa takardu tun wata 6 kafin tafiya, to a yi amfani da wannan dama, domin samun ranar ganawa shi ne ainihin wahalar, musamman daga Mayu zuwa Agusta. Kuma a nemi bizar daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Wanda ya karɓi bizar Italiya alhali duk zamansa a Faransa zai yi, yana iya shan tambayoyi a bakin iyaka.

2. Zaɓen rana da masauki

Ka sauka a Nice, domin daga nan duk motocin da jiragen ƙasan da za mu ambata suke tashi, kuma otal ya fi araha a can fiye da cikin garuruwan biyu. Unguwar da ke kewayen tashar jirgin ƙasa ta Nice-Ville ta fi dacewa da mu, saboda akwai masallaci da mahauta da gidajen abinci na halal a tafiyar ƙafa.

Mafi kyawun lokaci shi ne Afrilu zuwa tsakiyar Yuni, ko Satumba zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta zafi da cunkoso suna haɗuwa, farashi kuma ya hau. A lokacin hunturu wurin shiru yake, amma rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 na yamma, wasu shaguna kuma a rufe. Ka zaɓi ranar aiki, Talata zuwa Alhamis in da hali, domin motocin da ke hawa Èze suna raguwa sosai ranar Lahadi da ranakun hutu. Wani abin dubawa shi ne manyan jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido, waɗanda kan yada zango a mashigin Villefranche saboda zurfinsa, su sauke dubban mutane da ƙananan jirage. Da yawa daga cikin waɗannan mutanen Èze suke nufa, kuma sukan isa daga ƙarfe 10 na safe. Wannan shi ne babban dalilin sammako.

3. Kayan da za a ɗauka

Takalmin kambas mai riƙe ƙasa shi ne kan gaba. Titunan Èze duk duwatsu ne da ƙafafun mutane suka goge har suka yi santsi, kuma kusan ko'ina matakala ce, don haka silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa da takalmi mai tsini duk a bar su a otal. Sai jakar goyo ƙarama, da gorar ruwa ta lita ɗaya aƙalla, da hula ko laima, da cajar tafi-da-gidanka, da 'yan sulallan Yuro saboda banɗakin jama'a da kan buƙaci kuɗi. Kada a zo da akwati mai taya ko keken jariri; mai jariri ta goya shi, ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba. Mai doguwar riga ko abaya ya zaɓi wadda ba ta jan ƙasa.

Gargaɗi ga iyayenmu mata da 'yan uwa: hijabi da mayafi ba laifi ba ne a titi, amma dokar Faransa da ta fara aiki a 2011 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, kuma tarar tana iya kai Yuro 150. Haka nan kada a sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a cikin kaya daga gida da niyyar guzuri, domin an hana shiga Tarayyar Turai da nama da kayan madara, kuma idan aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi.

4. Sayen tikiti tun daren jiya

Harkar sufuri a nan kashi biyu ce, kuma tikitin ɗaya ba ya aiki a ɗaya. Tiram, wato jirgin lantarki mai bin titunan gari, da bas na cikin Nice da kewayenta suna hannun kamfanin Lignes d'Azur, jirgin ƙasa na yanki kuma, wanda ake kira TER, tikitinsa daban ne, ana saye a na'urar tasha ko a manhajar SNCF Connect. A ɓangaren Lignes d'Azur, sai ka sayi katin da ake lodawa a na'urar kowace tashar tiram a kan Yuro 2, sannan ka loda masa tafiya. Tafiya ɗaya Yuro 1.70 ce, kuma tana ba ka damar sauya mota cikin minti 74, wato da tikiti ɗaya za ka hau tiram sannan ka hau bas ɗin Èze. Akwai kuma tikitin yini guda na Yuro 7, amma a wannan tsarin tafiya biyu ko uku kawai za ka yi, don haka lodin ɗai-ɗai ya fi araha.

Gargaɗi: duk lokacin da ka shiga tiram ko bas sai ka taɓa katin a jikin na'ura har ta yi ƙara, ko da sauyin mota ne. Kati mai kuɗi a ciki wanda ba a taɓa ba, a wurin masu duba tikiti daidai yake da babu, kuma ba sa jin uzurin baƙunta.

5. Hawa zuwa Èze

A nan ne mafi yawan baƙi suke yin kuskure, kuma ni ma ban tsira ba. Èze biyu ce. Akwai ta bakin ruwa, inda tashar jirgin ƙasa take, akwai kuma tsohon ƙauyen da ke sama, mita 429 daga doron teku. Idan ka rubuta Èze a manhajar jirgin ƙasa, za ta sayar maka da tikiti ba tare da ta gaya maka cewa a gindin dutsen za a ajiye ka ba. A zuwana na farko na sauka a wannan tasha da ƙarfe 11 na safe sanye da takalmin fata, na ɗaga kai na hango hasumiyar coci can sama kamar an ɗora ta a kan gajimare, na duba allon bas na ga wanda zai hau ya tashi minti biyar da suka wuce. Kusa da ni wani dattijo da matarsa suna zaune a kan akwatunansu, matar tana fifita da taswira, ba wanda ke ce wa wani uffan. Kusan awa guda muka yi a wurin.

Hanyar da ta dace ita ce ka hau tiram layi na 1 zuwa tashar Vauban, ka taka 'yar tafiya zuwa tashar bas da ke wurin, ka hau bas mai lamba 82, ka sauka a Èze Village. Tafiyar kusan rabin awa ce. Bas mai lamba 602 da ke zuwa Monako shi ma daga Vauban yake tashi kuma yana tsayawa a Èze Village, sai dai na kamfanin yanki ne mai suna ZOU. Ka yi niyyar kama motar da za ta tashi tsakanin ƙarfe 8 da 9, ka isa tasha minti 20 kafin lokaci, domin motar kan cika tun daga farkon layi, masu jira a tashoshin gaba kuma sau da yawa wuce su take yi. Ka zauna ta hannun dama, nan ne ɓangaren teku, kuma daga nan za ka fara hango mashigin Villefranche a ƙasa da jiragen da ke cikinsa.

Gargaɗi: hanyar, wadda ake kira Moyenne Corniche, kwana ce bayan kwana a gefen dutse. Mai saurin jiri a mota kada ya cika ciki da safe, kuma ya daina kallon waya.

6. Cikin ƙauyen

Daga inda bas ya ajiye ka, titi ɗaya ne ke hawa zuwa tsohuwar ƙofar ƙauyen, wadda mota ba ta wucewa. Shiga kyauta ne. Shawarata ita ce kada ka tsaya a shagunan zane da na tsaraba da ke jere a hanya. Ka bi allunan da aka rubuta Jardin Exotique har can ƙoli, ka sayi tikitin wannan lambu, ka hau tun mutane ba su yi yawa ba. An dasa lambun a 1949 a kan kangon tsohuwar fadar da aka rushe a 1706, kuma cike yake da murtsunguwa da ire-irenta daga ƙasashe daban-daban. Ga wanda ya tashi a Arewa tsire-tsiren ba wani abin mamaki ba ne, kuɗin kallon da ke saman ake biya: jajayen rufin gidaje a ƙarƙashin ƙafarka, tsibirin-gaɓa na Saint-Jean-Cap-Ferrat ya miƙe cikin ruwa, kuma idan sama ta washe sosai, galibi a safiyar hunturu, har duwatsun tsibirin Kosika ana hangowa. A cikin lungunan ƙauyen gine-gine suna tare ido, saboda haka wanda ya ƙi biyan kuɗin lambun ya hau dutsen ne bai ga abin da ya kawo shi ba.

Minti 45 sun isa a lambun. A gangarowa sai ka bi lunguna a hankali, ka leƙa cocin Notre-Dame-de-l'Assomption mai launin rawaya idan kana so, namiji ya cire hula a yi shiru. Duk ƙauyen ba ya cin awa biyu. Kada ka zauna cin abinci a nan sai in aljihunka ya shirya, domin ko kofin shayi ninki ake sayarwa, kuma manyan otal biyu da ke ciki, Château de la Chèvre d'Or da Château Eza, na masu hannu da shuni ne.

A gindin ƙauyen, kusa da tashar bas, akwai masana'antar turare ta Fragonard, inda ake zagayawa da baƙi kyauta a nuna musu yadda ake haɗa turare da sabulu, zagayen kuma a kanti yake ƙarewa. Ba dole ba ne ka saya. Idan ka saya, ka tuna kwalbar da ta wuce mililita 100 a babban akwati za ta shiga ranar komawa, kuma wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne, idan sayayyarsa ta haura Yuro 100 a kanti ɗaya, yana iya neman takardar détaxe da fasfonsa don a mayar masa da wani kaso na haraji.

7. Gangarowa

Hanya biyu ce zuwa tashar jirgin ƙasa. Ta farko bas mai lamba 83, wanda ke sauka cikin kusan minti 20, amma ba ya yawan zuwa, saboda haka ka ɗauki hoton jadawalinsa a tasha tun da safe da ka iso, ka tsara fitowarka a kansa. Ta biyu ita ce hanyar ƙafa da ake kira Chemin de Nietzsche, wadda allonta yake daf da ƙofar ƙauyen. Kimanin kilomita 2 ce, gangara tsantsa, rabi matakalar dutse rabi tsakuwa mai zamewa, kuma mai lafiya yakan sauka cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Rabin sama yana da inuwar itatuwa, rabin ƙasa kuwa fili ne rana na dukan mutum kai tsaye. Babu shago, babu famfo, babu banɗaki a hanyar.

Gargaɗi: mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da dattijo, da mai ƙananan yara su jira bas, haka ma kowa idan an yi ruwan sama. Idan wani abu ya faru, lambar gaggawa 112 ce.

A tasha ka sayi tikitin Villefranche-sur-Mer, ka tsaya a dandamalin jiragen da suka nufi Nice, ba Monako ko Ventimiglia ba. Tasha ta biyu ce bayan Beaulieu-sur-Mer, ƙasa da minti 10. Ba kowane jirgi ne ke tsayawa a Èze ba, don haka kada ka firgita idan ɗaya ya wuce da gudu. Wannan layi 'yan sane sun san shi sarai, musamman wajen turereniyar shiga, to jaka ta dawo gaba, waya kuma ta bar aljihun baya.

8. Abinci da salla

Ka yi ƙoƙari ka isa Villefranche kafin ƙarfe 1:30, domin yawancin gidajen abinci daga 12 zuwa 2 ko 2:30 suke ba da abincin rana, daga nan sai ƙarfe 7 na dare. Daga tasha matakala za ta sauke ka bakin ruwa, ka bi hannun dama minti 10 zuwa cikin gari. Gidajen da ke jere a bakin ruwa sun fi tsada. Ka hau layi ɗaya ko biyu zuwa Rue du Poilu da lungunan kusa da ita, za ka ga bambanci. Kifi shi ne mafita ga mai kiyaye halal, tare da abincin yankin irin su socca, wata faffaɗar waina ta garin wake da man zaitun, da pan bagnat, burodi mai kifin tuna da ƙwai da tumatir, da pissaladière mai albasa da ƙananan kifi. Kalmomin da za ka guje wa a takardar abinci su ne porc, jambon da lardons, duk alade ne, sai kuma vin, wato giya, wadda ake dafa naman daube da ita, sau da yawa har da kifin ɓawo na moules. Idan ka ce une carafe d'eau za a kawo maka ruwan famfo kyauta, ladan hidima kuma yana cikin farashi.

Babu masallaci a kan wannan hanya, don haka ka tsara sallarka tun daga otal. A lokacin zafi agogon Faransa yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, Azahar tana shiga wajen 1:30, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 a Yuni, saboda haka matafiyin da ya ɗauki sauƙin haɗa Azahar da La'asar yana da isasshen lokacin komawa Nice. A hunturu lokacin ƙurarre ne, sai ka bar Villefranche da wuri.

9. Zagayen Villefranche

Awa biyu zuwa uku sun wadatar, kuma a jere wuraren suke. Ka fara da ƙaramar tashar Port de la Santé, inda kwale-kwalen masunta suke ɗaure a gaban gidaje masu launin rawaya da ruwan lemo. A nan ɗan ƙaramin cocin masunta na Saint-Pierre yake, wanda Jean Cocteau, marubuci kuma mai zane ɗan Faransa, ya zane cikinsa a 1957. Shiga 'yan Yuro kaɗan ne, ka riƙe tsabar kuɗi, kuma ka duba allon ƙofa saboda ba kullum yake buɗe ba. Daga nan ka hau matakala ka nemi Rue Obscure, wani titi mai tsawon mita 130 da ke bi ta ƙarƙashin gidaje kamar rami. Da ka shiga sanyi zai buge ka, ga warin danshi, ga fitilu jefi-jefi, kana jin motsin cokula daga kicin ɗin mutanen da ke zaune a samanka. Mutane ne ke zaune a wurin, a rage murya.

Sai ka wuce Citadelle Saint-Elme, babbar ganuwar da aka gina a shekarun 1550, wadda a yau ofishin magajin gari yake ciki. Shiga harabarta da lambunanta kyauta ne, akwai inuwa da kujeru, nan ne wurin hutawa. Idan da sauran ƙarfi, akwai siririyar hanya tsakanin gindin ganuwar da teku da ke kaiwa Port de la Darse, tsohuwar tashar da har yanzu ake gyaran jirage a cikinta. Idan teku ta yi fushi igiyar ruwa tana fantsamowa kan hanyar, sai a haƙura. Gaɓar wanka ta Marinières tana ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa, kuma dole ta gefenta za ka wuce, don haka mai tafiya da iyali ya sani cewa a lokacin zafi shigar mutanen wurin ba irin wadda muka saba ba ce.

10. Komawa da lissafin kuɗi

Jirgin ƙasa ya fi sauri, ƙasa da minti 10 zuwa Nice-Ville, da tsayawa ɗaya a Nice-Riquier, inda baƙi kan yi kuskuren sauka. Mai son amfani da katin Lignes d'Azur kuma sai ya hau matakala zuwa tashar Octroi da ke babban titi a saman gari ya kama bas mai lamba 15, amma da yamma cunkoson motoci kan riƙe shi, ga shi hawan ba ƙarami ba ne bayan yini guda a ƙafa.

A ƙiyasi, sufuri gaba ɗaya ba zai wuce Yuro 15 ba, lambun Èze da cocin masunta su ma wajen 15, abincin rana a zaune Yuro 20 zuwa 30, ko ƙasa da 10 ga wanda ya sayi pan bagnat ya ci a bakin ruwa. Yuro 50 zuwa 70 sun ishi mutum ɗaya, ban da turare da tsaraba. Ka riƙe Yuro 30 tsaba a aljihu daban ko da kana da kati, domin katin bankin gida yakan ƙi aiki a na'urar tikiti ba tare da wani dalili ba, kuma a ƙananan tashoshi irin na Èze ba lallai ka tarar da ma'aikaci a taga ba.